Karatun mataimakin likita a Amurka ya fi ƙarfina, ta ina zan kama?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Anti. Na yi aikin jinya a gida Najeriya kafin aure ya kawo ni Amurka. Na yi digiri a nan, Allah ya sa na samu gurbi a makarantar mataimakan likita, wato PA. Yau wata biyu ke nan da farawa, kuma wallahi kaina ya ɗauki zafi. Kullum ina kan littafi har ɗayan dare, ina maimaita darasi, ina kwafewa da hannuna kamar yadda na saba, amma jarrabawar magunguna da ƙyar na tsallake, ta zuciya kuwa na faɗi. 'Yan ajinmu kowa da abin da yake saye, wannan Anki, wancan UWorld, wata kuma bidiyo. Ga yara biyu, ga azumi na tafe. Wace hanya zan bi, kuma wane kayan karatu ne ya cancanci kuɗina?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Barka da samun gurbi, Allah ya sa albarka a ciki, ya nuna mana ranar gamawa. Na daɗe ina aikin PA a sashen cututtukan manya, kuma ɗalibai suna biyowa ta hannuna a shekararsu ta biyu, don haka kukan nan naki na sha jin sa daga bakin mutane masu ƙwaƙwalwa ƙwarai. In na fahimce ki, abu biyu kike tambaya: me ya sa hanyar da ta kawo ki har nan ta daina yi miki aiki, sannan cikin kayan da 'yan ajinku suke saye wanne za ki zuba wa kuɗi. Ta farkon ita ce uwa. Muddin ba a gyara ta ba, ko me kika saya asarar kuɗi ce.

Ki fara da sanin irin makarantar da kika shiga. A 1965 Dokta Eugene Stead ya buɗe ajin farko na mataimakan likita a Jami'ar Duke da ke jihar Karolina ta Arewa, da tsofaffin ma'aikatan jinya na sojan ruwa, kuma ya ɗauko tsarin ne daga yadda aka riƙa horar da likitoci cikin gaggawa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Wato tun asali a kan gudu aka gina karatun. A yau makarantun suna ɗaukar kimanin wata 27: wajen shekara guda a aji, sauran kuma a asibitoci, inda ɗalibi zai yi sa'o'i kusan 2,000. Abin da a digirin farko ake shimfiɗa shi a zango guda, a nan cikin mako biyu ko uku za a gama shi, a yi jarrabawa, a wuce. Kwafewa da hannu tana buƙatar lokacin da wannan tsari bai tanada ba.

Amma ƙarancin lokaci rabin matsalar ne. Ɗaya rabin shi ne maimaita karatu yana yaudarar mai shi. Idan kika bi shafi sau uku, idonki ya saba da shi, kina ganin kalma sai ki ji a ranki ai kin san ta. Ranar jarrabawa kuwa babu shafin, sai dai ki zaro abin daga ka, kuma wannan zarowar ce ba ki taɓa gwadawa ba. Masana sun auna wannan. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis sun raba ɗalibai, wasu suka yi ta maimaita karanta rubutu, wasu suka karanta sannan suka rufe suka rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaitawa ne a gaba. Da aka gwada bayan mako guda, sai masu rufe littafi suka wuce su. A 2013 kuma John Dunlosky da abokan aikinsa suka bi dabarun karatu guda goma da ɗalibai suka fi amfani da su, biyu kacal suka samu babban matsayi: gwada kai da tambayoyi, da rarraba bita a kan kwanaki maimakon tara ta a dare ɗaya. Maimaita karatu da shafa wa layi kala suna cikin na ƙasa.

Ke kam ba baƙuwar wannan hanya ba ce. Mahaddaci ba ya kallon allo ya ce karatu ya zauna. Kifewa yake yi ya biya da ka, malam ya tsayar da shi inda ya ci gyara, sannan duk ranar Allah sai ya koma tilawar baya, don ya san abin da ya haddace jiya in bai waiwaye shi ba zai zube. Haka za ki yi da ilimin magunguna da na sassan jiki. Bambancin kawai, a nan hadda ba ta isa ita kaɗai, domin jarrabawar ba za ta ce ki karanto ba, majinyaci za ta ajiye miki ta ce me za ki yi masa.

Yadda ake rubuta kati

Aikin Anki ke nan: manhaja ce ta katunan tambaya da amsa, wadda take dawo miki da kowane kati daidai lokacin da kike dab da manta shi. Wanda kika amsa cikin sauƙi sai ta jinkirta shi, wanda ya ba ki wuya ta dawo da shi da wuri. Kyauta ce a kwamfuta da wayar Android, a iPhone ne ake biyan kimanin dala 25 sau ɗaya. Na ga ta ɗaga ɗalibai, na kuma ga ta danne wasu, kuma kusan kullum bambancin a rubutun katin yake.

Wata ɗaliba ta taɓa nuna mini katunanta a waya muna jiran sakamakon gwaji. A gaban katin an rubuta sunan rukunin magungunan hawan jini irin su lisinopril, a bayansa kuwa layi goma sha wani abu: yadda suke aiki, wa ake ba, illolinsu, wanda ba a ba. Irin wannan kati ba a cinsa, ba a faɗuwa. Za ki tuna rabi, ki ce ai na kusa, ki danna ki wuce. Muka zauna muka farfasa shi. Kati na farko: an sa mai hawan jini a kan lisinopril, ya dawo da busasshen tari, me ya jawo? Taruwar sinadarin bradykinin. Na biyu: da wane magani za a musanya masa? Da irin su losartan. Na uku: wace mace ce ba a ba ko ɗaya daga cikinsu? Mai ciki. Na huɗu: ya zo leɓe da harshe sun kumbura, mene ne wannan, kuma me za ki fara dubawa? Kumburin da maganin ke jawowa ne, wanda ya fi faruwa ga baƙar fata, kuma hanyar numfashi za a fara dubawa. Kowane kati tambaya ɗaya, amsa ɗaya, wadda za ki iya bayarwa cikin daƙiƙa goma kina jiran ruwa ya tafasa.

Akwai tarin katunan da wasu ɗalibai suka shirya suka saka a intanet. Ba laifi ki ɗauka, amma kada ki buɗe dubbai a lokaci guda. Ki buɗe na darasin da aka yi muku yau kaɗai, bayan kin fahimce shi, sannan ki ƙara naki daga tambayoyin da kika faɗi. Katin abin da ba ki gane ba nauyi ne kawai. In kika ga bitar katuna tana cin fiye da awa guda a rana, to kin ɗora da yawa, ki rage sababbi.

Ki tsara ilimin yadda majinyaci yake shigowa

A aji cuta-cuta ake koyarwa, a asibiti kuwa ba wanda yake shigowa ya faɗa miki sunan cutarsa. Cewa zai yi ƙirjina ke ciwo. Saboda haka nake sa ɗalibaina su yi wa kowace cuta takarda guda, gefe ɗaya tak, da tambayoyi iri ɗaya kullum: wa ta fi kamawa, da wane kuka yake zuwa, me zan gani in na duba shi, wane gwaji zan fara, wanne ne yake tabbatarwa, maganin farko, da abin da zai kashe shi in na yi sakaci. In abu bai shiga gefe ɗaya ba, ba ki tace shi ba tukuna. Wannan ne zai maye gurbin kwafewar da kike yi, kuma da ka za ki fara cikewa, sannan ki buɗe littafi ki gyara da jan biro. Jan biron nan shi ne karatunki na gobe.

Daga nan sai ki jera cututtukan da suke kama da juna kafaɗa da kafaɗa, don masu shirya jarrabawa a nan suke kafa tarko. Tunda zuciya ce ta kayar da ke, ɗauki ciwon ƙirji. Dattijo mai ciwon suga, ƙirji ya yi masa nauyi, yana gumi, ciwon yana sauka hannun hagu: toshewar jijiyar zuciya, a ɗauki awon bugun zuciya na ECG cikin minti goma da isowarsa. Mace mai shan maganin tazarar haihuwa, ta sauko daga doguwar tafiyar jirgi, numfashi ya ɗauke mata farat ɗaya, zuciya na gudu: gudan jini a huhu. Mai hawan jini da ya ce ji ya yi kamar an yaga masa ƙirji har gadon baya, awon jinin hannu biyu ya bambanta: tsagewar babbar jijiya. Dogon saurayi siriri, ciwo gefe ɗaya, ba a jin numfashi a wannan gefen: iska ta taru ta danne huhu. Wanda ya yi mura kwanan baya, ciwon yana sauƙi in ya zauna ya sunkuyo gaba: kumburin rigar zuciya. Ranar da kika iya zayyano waɗannan biyar da ka, kika faɗi abin da ya raba kowanne da ɗan'uwansa, kin fi wanda ya karanta babin sau huɗu.

Tambayoyin gwaji, da abin da ya cancanci kuɗi

In kuɗin abu ɗaya gare ki, ki sa shi a rumbun tambayoyi. UWorld da Rosh Review, wanda yanzu yake ƙarƙashin Blueprint, su ne ɗaliban PA suka fi amfani da su, kuma kowannensu ya isa. Ɗaya za ki ɗauka. Kafin ki biya ko sisi, ki je ɗakin karatu ki tambaya, domin makarantu da dama sun riga sun biya wa ɗalibansu irin waɗannan, har da UpToDate, wato shafin da likitoci ke duba bayanin cututtuka da magani, ɗaliba ba ta sani ba ta je ta sake saye. Bidiyo irin na Osmosis yana da amfani in darasi ya ƙi shiga, Sketchy kuma yana taimakon wasu a kan ƙwayoyin cuta da magunguna ta hanyar zane. Sai dai kallon bidiyo ƙanin maimaita karatu ne, daɗi gare shi, kuma yana sa mutum ya ji ya yi aiki. In kin kalla, ki rufe ki faɗi abin da kika gani da bakinki.

Kada ki jira sai kin gama karanta babi kafin ki taɓa tambayoyinsa. Ki yi goma ko goma sha biyar kullum a kan darasin da ake ciki, ko da rabi za ki faɗi. Makin ba shi ne abin dubawa ba a yanzu. Karatun yana cikin bayanin da ke biye da amsa, kuma ya kamata lokacin da za ki ɓata a kansa ya fi na amsawar: me ya sa wannan ce daidai, me ya sa sauran ba su yi ba, kuma me za a canja a labarin majinyacin su zama daidai. Ki ware ɗan littafi na tambayoyin da kika faɗi, kowacce ki rubuta dalili. Ko ba ki san abin ba sam, ko kin sani kika rikita shi da makamancinsa, ko kuwa tambayar ce ba ki karanta da kyau ba. Maganinsu daban-daban ne, kuma bayan mako biyu littafin da kansa zai nuna miki wanne ya fi damun ki.

Na ukun nan ya fi cin mu da muka zo daga waje, ba don Turancinmu ya gaza ba, sai don salon tambayar. Majinyaci ɗaya, labari ɗaya, amma in aka ce wane mataki ne na gaba amsar daban, in aka ce wane gwaji ne zai tabbatar amsar daban. A wanda ake zargin gudan jini a huhu, in zargin mai rauni ne gwajin jini na D-dimer ake farawa da shi, in mai ƙarfi ne kai tsaye hoton CT na jijiyoyin huhu. Ki saba da karanta layin ƙarshe na tambaya tukuna, sannan ki koma sama ki bi labarin kin san abin da kike nema.

Abin da kika zo da shi daga gida

Aikin jinyar da kika yi dukiya ce. Kin ga mai sikila cikin ciwo, kin ga jijjigar masu ciki, kin san yaron da ruwan jikinsa ya ƙare tun daga bakin ƙofa, abubuwan da wasu 'yan ajinku a hoto kawai suka gani. Amma akwai wuraren da sabo zai ja ki ƙasa, kuma gara ki yi musu katunansu na musamman tun yanzu. Sunayen magunguna: paracetamol a nan acetaminophen ne, salbutamol albuterol, adrenaline kuma epinephrine. Ma'auni: zazzaɓin digiri 38 a nan 100.4 ne, sugan mai azumi da ya kai 7.0 a ma'aunin mmol shi ne 126 a ma'aunin da ake amfani da shi a nan, nauyi kuma sau da yawa da fam za a ba ki alhali lissafin maganin yara da kilo ake yi. Ƙa'idoji ma na nan za a tambaye ki: tun 2017 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka mayar da farkon hawan jini 130 bisa 80, kuma tun 2021 ake fara binciken sankarar hanji daga shekara 45. Sannan a gida zazzaɓi na cizon sauro ne har sai an ga akasi, a jarrabawar nan kuwa ba za ki kawo shi gaba ba sai labarin ya ambaci tafiya.

Wani abu kuma da yake ci mini rai: yawancin hotunan cututtukan fata a littattafai na farar fata ne. Ƙurjin da aka ce miki ja ne, a jikinmu yakan fito da duhu ko shuɗi-shuɗi. Ki nemi hotunan kowace cuta a baƙar fata ki haɗa da katunanki, don majinyatanki na gobe.

Manhajojin nan masu amsa tambaya irin su ChatGPT suna da amfani wajen sauƙaƙa bayani ko shirya miki tambayoyi, amma suna yin kuskure da cikakken ƙarfin hali, don haka adadin magani ko ƙa'idar jinya sai kin tabbatar a littafin makaranta. Kuma kada ki taɓa saka bayanin majinyaci na gaske a cikinsu. Dokar HIPAA ta 1996, mai kare sirrin majinyata a Amurka, ba ta wasa da wannan, kuma yin hakan yana iya raba ɗalibi da makaranta.

Lokaci, yara da azumi

Zaman nan har ɗayan dare ki daina shi. A cikin barci ƙwaƙwalwa take ɗaure abin da aka koya da rana, kuma awa biyun ƙarshe da kike yi ido na lumshewa kusan ba abin da suke bari. Ki kwanta da wuri, ki riƙe bayan asuba, kafin yara su tashi. Wannan awa ɗaya ko ɗaya da rabi ki ba abu mafi wuya, wato tambayoyi da cike takardar cuta da ka. Katuna kuwa na guntayen lokaci ne, a mota, a layi, tsakanin darasi da darasi. Da yamma ki waiwayi darasin ranar tun yana da ɗumi, ki leƙa na gobe na minti goma. Da azumi ma tsarin bai canja sosai ba: mai nauyi bayan sahur, mai sauƙi bayan azahar lokacin da jiki ya yi sanyi. Ki duba jadawali tun yanzu, in jarrabawa ta faɗo ranar salla ki rubuta wa shugabar shirinku da wuri, ba ana saura kwana biyu ba.

Ki zauna da maigida ku yi magana a fili, cewa wannan shekarar ta aji girki da hidimar gida ba za su tafi yadda aka saba ba. A dafa na kwana uku a sa a firji, a rage zuwa biki da suna, 'yan'uwa su yi miki uzuri. Karatun rukuni kuma mutum uku ko huɗu ya isa, kowa ya zo ya riga ya karanta, a yi wa juna tambayoyi, a gwada duba majinyaci a jikin juna. In ya wuce haka yakan zama taron tsintsiya ba shara.

Shekara ta biyu in Allah ya kai mu salon zai juya. Za ki zagaya sassa bakwai na dole: likitancin iyali, cututtukan manya, yara, mata da haihuwa, tiyata, sashen gaggawa, da lafiyar ƙwaƙwalwa. Makarantu da yawa suna rufe kowane zagaye da jarrabawa mai tambaya 120 ta ƙungiyar makarantun PA, wato PAEA, kuma ƙungiyar tana wallafa jerin batutuwan kowacce kyauta, sai ki sauke shi tun ranar farko. A lokacin majinyacin da kika gani da rana shi ne babin da za ki karanta da dare. A ƙarshe akwai PANCE, jarrabawar samun shaidar zama PA, ta hukumar da ke ba da shaidar, wato NCCPA: tambaya 300, kashi biyar, kowane kashi tambaya 60 cikin minti 60, ana ci da maki 350 a ma'aunin da ya tashi daga 200 zuwa 800. Cututtukan zuciya ne suka fi kowane fanni kaso a cikinta, don haka babin da ya kayar da ke ba wanda za a tsallake a manta ba ne. 'Yan'uwa masu wannan karatu a Ghana, a wurare irin su Kintampo, hanyar karatun duk ɗaya ce, illa jarrabawar lasisinsu ta hukumar likitocin ƙasarsu ce, sai su bi jadawalinta.

Shawarata tana da iyaka. Ban ga takardar jarrabawarki ba, kuma kowace makaranta da dokarta kan maki da gyaran faɗuwa, wasu suna so matsakaicin maki kada ya sauka ƙasa da 3.0 bisa 4.0. Malamar da ta shirya jarrabawar zuciyar nan ta fi ni sanin inda kika zame. Ki nemi ganinta cikin makon nan, ki roƙi a nuna miki tambayoyin da kika faɗi, ki rarraba su gida ukun da na faɗa miki, ki tambayi ƙa'idar sake zama. A nan zuwa wurin malami ba abin kunya ba ne, ɗalibin da ya yi shiru har ya faɗi ta biyu shi suke jin haushi. In kuma kika bi wannan tsari na wata guda ba ki ga canji ba, ko kika ga barci ya ƙaurace, kuka ya yawaita, hankali ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, to maganar ta wuce dabarar karatu. Ki je ofishin taimakon ɗalibai, ki kuma ga likitanki, a duba jini da maƙoƙo da yanayin damuwa. Allah ya ba da sa'a, ki gaishe da yaran.